Kilomita 400 kacal amma tikiti ya ce awa ɗaya da kwata, ina sauran lokacin yake tafiya?

Sadiya:
Salamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah masu ilimin jirgi ku warware min wani abu. Wasu ƙananan filayen jirgi ne guda biyu, ba irin manyan nan na ƙasa da ƙasa ba, na duba a intanet tsakaninsu kilomita 400 ne, wani shafi ya lissafa min wai tafiyar minti 29 ce, amma da na shiga shafin kamfanin jirgin sai na ga tashi 9:10 sauka 10:25. Awa ɗaya da kwata kenan fa. Kuma na dawowa sun rubuta awa ɗaya da minti biyar alhali hanya ɗaya ce. Toh waye ke mana ƙarya a cikinsu?

Nura Lissafi:
Wa alaikumus salam. Minti 29 ɗin nan na san inda suka samo shi, sun ɗauki 400 sun raba da 830 ne, wato kilomita 830 a awa, gudun jet idan ya miƙe a can sama. Lissafin daidai yake, babu kuskure ko ɗaya. Matsalar dai jirgi ba ya fara gudun 830 daga bakin ƙofa.

Isiyaku:
Ni na daɗe da gane su. Ƙara lokaci suke yi da gangan don ko sun makara su ce sun iso a kan kari. Shikenan zancen, ba sai an ja ba.

Aminu A.:
Malama Sadiya kafin komai, duba tikitin, wane irin jirgi suka rubuta? Yawanci yana nan a ƙasan lambar tafiyar.

Sadiya:
Sun rubuta ATR 72.

Aminu A.:
Yauwa, ashe ma ba jet ba ne. ATR 72 mai farfela ne, fasinja saba'in da ɗoriya yake ɗauka, gudunsa idan ya miƙe wajen kilomita 500 ne a awa. Kin ga tun daga nan 29 ta faɗi, 400 a raba da 500 minti 48 ne. Wannan kuma da a ce tun daga farko har ƙarshe a wannan gudun yake, wanda ba haka ba ne.

Ni aikina kenan a ofishin tsara tashin jirage, bari in ɗan ja zancen ku yi haƙuri. Lokacin da ake rubutawa a tikiti ba lokacin da jirgi ke sama ba ne. Agogo yana fara aiki ne daga sanda aka zare waigin da ke ƙarƙashin taya jirgi ya motsa daga inda ya yi fakin, kuma ba ya tsayawa sai an sake sa masa waigi a can inda ya je. Duk abin da ya faru a tsakani a cikin lissafi yake, tura shi baya da mota, tada injin ɗaya bayan ɗaya, rarrafen da yake yi zuwa bakin titin tashi, tsayuwar jiran hasumiya ta ba shi izini, sannan idan ya sauka ya sake rarrafawa zuwa wurin fakin. A ƙaramin fili wannan zai ci minti goma zuwa sha biyar idan an haɗa na tashi da na sauka, a babban fili mai cunkoso kuwa na tashi kaɗai zai iya haura ashirin. Kuma idan wani ƙaton jirgi ne ya tashi a gabanka dole a riƙe ka kamar minti biyu, saboda iskar da fukafukansa suka murɗa tana iya jijjiga ƙaramin da ke binsa.

Sai hawa. Jirgi yana hawa ba ya gudunsa na sosai, ƙarfin injin yana tafiya ne wajen ɗaga nauyi. Sai sauka, nan ma a hankali ake rage gudu. Abin da ya rage a tsakiya, inda yake yin 500 ɗin nan, bai fi rabin tafiyar ba.

Nura Lissafi:
Toh idan na haɗa, 48 da kamar 10 na hawa da sauka, 58 kenan, da 12 na ƙasa, 70. Saura minti biyar Yallaɓai, ina suke? 😂

Aminu A.:
Hhhh Nura ba ka yafiya. Biyar ɗin nan su ne na Isiyaku.

Isiyaku:
Kun ji ko! Da bakinsa ya faɗa.

Aminu A.:
Tsaya mana Malam Isiyaku. Gaskiya ne ana ƙarawa, ban musa ba. A ƙa'idar da Amurka ke amfani da ita, kuma yawancin masu auna kamfanoni suke bi, jirgin da ya iso kafin a cika minti 15 bayan lokacin da aka rubuta ana lissafa shi ya zo a kan kari, toh kowane kamfani yana son sunansa ya fito fes, babu wanda zai rubuta lokacin da ya san sai ranar sa'a zai cimma shi. Amma ka duba ta ɗaya gefen, jirgin nan ba tafiya ɗaya yake yi a rana ba, zai iya yin shida ko takwas, idan na rubuta masa lokaci matse ya makara da minti goma da safe, wannan goman za ta bi shi ta haifi wata, kafin dare ya zama awa guda, kuma fasinjan ƙarshe ne zai sha. Sannan kowane minti da na ƙara asara ce ga kamfani don jirgi da ma'aikata a ɗaure suke, ba a ƙarawa haka kawai don jin daɗi.

Isiyaku:
Duk da haka dai. Ku rubuta mana gaskiya biyu, ga na sama ga na ƙasa, kowa ya gani.

Zee:
Ai matuƙi yana faɗa idan an shiga. Za ka ji ya ce tafiyarmu minti hamsin da biyar ce, alhali tikiti ya ce awa da kwata. Shi na sama yake faɗa.

Malam Garba:
Ni ta ɓangaren taswira zan shigo, don shi nake koyarwa. 400 ɗin da shafin ya ba ki miƙaƙƙen layi ne a bisa doron duniya, wanda ake samu idan aka miƙa zare a jikin ƙwallon taswira daga wannan fili zuwa wancan. A doguwar tafiya shi ya sa za ki ga jirgin da ya tashi daga Turai zuwa yammacin Amurka yana bi ta saman Girinlan, a shimfiɗaɗɗiyar taswira kamar ya yi kwana ne amma ita ce hanya mafi kusa. Kuma ki lura da ma'auni, wani shafin mil yake bayarwa wani mil na teku. Mil na tudu kilomita 1.609 ne, na teku da matuƙa ke amfani da shi 1.852. Wannan tazarar taki za ki gan ta 400 a wani wuri, 249 a wani, 216 a wani, duk abu ɗaya ne.

Aminu A.:
Malam ya faɗi daidai, sai dai a kilomita 400 lanƙwasar duniya ba ta canza komai da za a ji a jiki. Abin da ke ƙara hanya a gajeriyar tafiya daban ne. Na farko titi. Jirgi yana tashi ne yana fuskantar iska, haka ma sauka. Lambobin da kuke gani an rubuta da farin fenti a bakin titi, misali 09 a wannan kai 27 a ɗaya kan, alkibla ce, 09 na nufin digiri 90 wato gabas, 27 digiri 270 wato yamma. Toh a ce gabas za ka amma iska ta sa yau 27 ake amfani da shi, dole ka tashi kana kallon yamma, ka hau, sannan ka yi kwana ka juyo. Can ma idan ka isa wataƙila sai ka wuce filin ka zagayo ta baya ka daidaita da titi tun daga nesa. Na biyu hanyoyin sama, ba ko'ina aka yarda ka ratsa ba, akwai wuraren soja, akwai tsaunuka, ga hadari wanda shi dole a kauce masa. Kilomita talatin ko arba'in da aka ƙara ba komai ba ne a tafiyar dubu biyar, amma a ta 400 kashi ɗaya cikin goma ne.

Baba Tanko:
Yara duk kun bar babban dalilin. Yarinyar nan ta tambaya me ya sa zuwa ya fi dawowa tsawo. Duniya juyawa take yi. Idan jirgi ya tashi sama ƙasa tana tafiya a ƙarƙashinsa, wani lokaci garin ya taho ya tarye shi wani lokaci ya guje masa. Tun muna makaranta aka gaya mana haka.

Malam Garba:
Ranka ya daɗe Baba, juyawa kam tana yi, a layin da ya raba ta kudu da arewa ma gudun ya kai wajen kilomita 1,670 a awa. Amma iskar da jirgin ke ciki tare da ƙasar take juyawa. Ka ga ƙuda a cikin mota tana gudu da gilashi a rufe, yana tashi daga kujerar baya ya je ta gaba ya dawo abinsa, gilashin baya bai taɓa zuwa ya make shi ba, don iskar cikin motar tare da shi take tafiya. Da a ce yadda Baba ya faɗa ne, helikwafta sai ta tsaya cik a sama kawai ta jira garin da za ta ya iso.

Baba Tanko:
Toh me ya sa daga Amurka zuwa Ingila ya fi sauri a kan daga Ingila zuwa Amurka? Ɗana yana bin hanyar, shi ya gaya min.

Malam Garba:
Baba ai wannan hujjata ce ba taka ba. Duniya gabas take juyawa. Da lissafinka ne, mai zuwa yamma shi ne garin zai tarya, shi zai riga isa. Amma mai zuwa gabas ne ke riga isa a wannan hanyar. Dalili wata iska ce mai ƙarfi a can sama da ke busawa daga yamma zuwa gabas. A watan Fabrairun 2020 lokacin guguwar Ciara wani Boeing 747 na British Airways ya taso daga New York ya sauka Landan cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da ta saba cin sama da awa shida.

Baba Tanko:
Ita iskar me ke tura ta? Ba juyawar ba ce?

Malam Garba:
A nan kam Baba kana da rabo. Bambancin zafi tsakanin yankin zafi na tsakiyar duniya da ƙarshenta na kudu da arewa shi ke tada ta, juyawar duniya kuma ita ke karkatar da ita ta nufi gabas.

Baba Tanko:
Toh ai magana ta dawo inda na ce.

Zee:
Baba ba ya faɗuwa 😂😂

Nura Lissafi:
Bari in sa lambobi a kan maganar iska don akwai wani abu da ke ba ni mamaki. ATR na 500, iska na busawa 80. Idan tana gabansa gudunsa a kan ƙasa 420, kilomita 400 minti 57 kenan. Idan tana bayansa 580, minti 41. Bambancin minti 16 tsakanin zuwa da dawowa a hanya ɗaya. Toh amma ku haɗa, 57 da 41 ya ba da 98, alhali da babu iska sam 48 sau biyu 96 ne. Wato abin da iska ta ƙwace maka a zuwa ba ta biyanka duka a dawowa, don ka fi daɗewa a ɓangaren da take cutarka.

Aminu A.:
Haka yake. Kuma mai rubuta jadawali ba iskar yau yake dubawa ba, tarihin hanyar yake dubawa na watanni, shi ya sa har na rani da na sanyi kan bambanta. Amma minti goman Malama Sadiya ba lallai iska ce duka ba. Wataƙila filin da za ta je ya fi cunkoso da safe, ana sa jirage su yi layi ko su yi ta zagaye a sama, zagaye ɗaya kamar minti huɗu ne.

Hajiya Binta:
Ni fa tunda na ji an ce farfela hankalina bai kwanta ba. 'Yata ki nemi jet mana, ya fi sauri kuma ba ya wannan ƙarar da girgizar.

Aminu A.:
Hajiya barka da warhaka. Ƙara kam gaskiyarki, musamman kujerun da ke daidai farfelar, wanda ƙara ke damunsa ya nemi kujerar can baya. Amma injin nasa ba irin na da ba ne, injin jet ne a ciki yake juya farfelar, kuma sababbi ake ƙerawa har yanzu a Toulouse ta Faransa. Zancen sauri kuma, a wannan tazarar ratar ba ta kai yadda ake zato ba. Ƙa'idar matuƙa ita ce kowace ƙafa 1,000 da za ka sauko kana bukatar mil uku na teku. Jet ɗin da ya hau ƙafa 35,000 sai ya fara gangarowa tun saura mil 105, kusan kilomita 195, kuma hawan ma zai ci kusan haka ko fiye. Kin ga 400 ta ƙare bai miƙe ba. Don haka ba ya ma hawa can, a ƙafa dubu ashirin da wani abu yake tsayawa. Ga kuma doka a ƙasashe da yawa, ƙasa da ƙafa 10,000 ba a wuce gudun kilomita 463 a awa, komai ƙarfin injinka. Ga layin titi iri ɗaya kowa ke bi. Ƙarshenta jet zai riga shi da minti goma ko sha biyar ne, ya kuma sha mai fiye da shi nesa ba kusa ba. Akwai ma Dash 8 Q400 na Kanada, shi ma farfela ne amma yana yin kilomita 660 da wani abu, wannan kam kusan tare suke sauka da jet.

Hajiya Binta:
Toh Allah ya tsare. Ni dai minti sha biyar ɗin ma ina so.

Nura Lissafi:
Kenan dabara mai sauƙi, ka raba nisa da gudun jirgin sannan ka ɗora rabin awa. Jet: 29 da 30, kusan awa ɗaya. ATR: 48 da 30, awa da minti 18. Ya kusa da tikitin.

Aminu A.:
Don kiyasi ya wadatar. Abin lura rabin awan nan ba ya raguwa don tafiya ta gajarce. Kilomita 200 ba rabin lokacin 400 ba ne, 800 kuma ba ninki biyu ba.

Zee:
Akwai inda rabin awanku bai aiki 😄 Tsakanin tsibiran Westray da Papa Westray a arewacin Sukotlan, kilomita 2.7 ne, kamfanin Loganair ke yi tun 1967 da ɗan jirgi mai ɗaukar fasinja takwas. Kamar minti ɗaya da rabi ne a sama, an taɓa yi a sakan 53.

Isiyaku:
Kafin ka gama ɗaura bel an ce sauko. Amma ni tambayata da babu wanda ya taɓa ita ce, duk wannan lissafin na jirgi ne, ina na fasinja? Ka bar gida ka tafi filin jirgi wanda kullum a bayan gari yake, ka isa awa ɗaya ko fiye kafin tashi, a caje ka a caje kaya, ka zauna, ka yi awa da kwata ɗin, ka jira jaka, ka sake neman mota zuwa cikin gari. Awa huɗu ta tafi cif. Kilomita 400 idan titi mai kyau ne awa biyar ne a mota, kuma lokacin da ka ga dama za ka tashi.

Malam Garba:
400 ta sama ba 400 ta ƙasa ba ce Isiyaku. Titi yana kewaye dutse da kogi yana ratsa garuruwa, zai iya zama 500 ko fiye, idan teku ce a tsakani kuwa babu ma zancen. Amma inda akwai jirgin ƙasa mai sauri maganarka ta zauna. Faransa ta sa doka a watan Mayun 2023 ta hana jirgin sama a hanyoyin da jirgin ƙasa ke yi cikin ƙasa da awa biyu da rabi, ta shafi tashi daga filin Orly na Paris zuwa Nantes da Bordeaux da Lyon. Paris zuwa Lyon kusan 400 ɗin nan ce daidai, jirgin ƙasa yana yin ta cikin awa biyu, daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari.

Isiyaku:
Yau dai Malam ya goyi bayana, a rubuta.

Sadiya:
Na gode ƙwarai jama'a. Wani abu kuma, wata ƙawata ta ce ta ga tikitin da tashi 10:00 sauka 10:20 kuma ba kusa ba ne, shi kuma fa?

Malam Garba:
Agogo ne ya bambanta. Kowane fili da lokacin garinsa ake rubutawa. Madrid zuwa Lisbon kilomita ɗari biyar da 'yan kai ne, awa ɗaya da minti ashirin, amma Fotugal tana bayan Sifaniya da awa guda, sai ki ga 10:00 zuwa 10:20. Na dawowa kuma ya fito kamar awa biyu da minti ashirin. Naki tunda bambancin minti goma ne kawai ba agogo ba ne.

Aminu A.:
Kuma idan kina son ki ga ainihin abin da ke faruwa ba abin da aka rubuta ba, ki sa lambar tafiyar a shafin Flightradar24 ko FlightAware, zai nuna miki na kwanakin baya, ƙarfe nawa ya bar ƙasa ƙarfe nawa ya sauka, har layin da ya bi za ki gani da kwane-kwanensa.

Hajiya Binta:
Aminu ɗana tunda kana nan, idan mutum zai sauka daga irin wannan ƙaramin ya hau wani babba, minti arba'in a tsakani ya isa?

Aminu A.:
Hajiya ya danganta. Idan tikiti ɗaya ne aka haɗa miki tafiyar biyu, kamfanin ya riga ya duba cewa lokacin ya kai mafi ƙarancin da filin ya yarda da shi, kuma idan na farkon ya makara su ne za su sa ki a wani jirgin, jakarki ma yawanci su za su wuce da ita. Idan kuwa daban-daban kika saya, arba'in ba ta isa ba ko kusa. Lokacin da aka rubuta na isowa lokacin sa waigi ne, ba lokacin da ƙafarki ta taka cikin gini ba, irin waɗannan ƙananan kuma sau da yawa nesa ake ajiye su sai bas ta kwaso ku, ki jira jaka, ki sake bin layin auna kaya wanda ake rufewa minti 40 zuwa awa ɗaya kafin babban ya tashi. Ki ba shi awa uku. Kuma ki ɗauki na safe idan akwai, shi bai gaji lattin kowa ba tukuna.